Rarar Buhu Biyu a Layina

Akwai ranar da har yau ba ta fita daga raina ba, kuma ba a kasuwar Azare ta same ni ba, duk da a nan na ƙarar da ƙuruciyata. Ta same ni ne a wani sansani a gabashin Jamhuriyar Nijar, ina tsaye a kan tamfol da kwanon awo a hannu. Abin da ke gabanmu a ƙirge yake: buhu sittin na gero, gida ɗari biyu da arba'in, kowane gida tiya goma. Buhu ɗaya tiya arba'in ne, ke nan gida huɗu ke raba buhu. Duk wanda ya iya lissafi zai ga cewa idan an gama rabo, ko abin da kaza za ta tsattsaga bai kamata ya ragu ba. Amma a layina buhu biyu suka ragu.

Sakataren ƙungiyarmu ta 'yan hatsi ne ya ce in rubuta wani abu saboda waɗanda za su fita aikin sa kai bana. Ya so in yi bayanin takardun hanya da yadda ake ɗaure kaya a mota. Wannan kowane direba zai gaya muku. Ni labarin buhu biyun nan zan ba ku, don shi ne na biya kuɗin koyonsa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Alhaji Bala, a layin 'yan hatsi Bala Mai Gero. Ban gaji rumfa ba. Da dako na fara, ina sauke buhu daga mota, daga nan na zama mai awo a rumfar wani, sannan na samu tawa. Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara ashirin da bakwai da kwano a hannu, da sito uku, ina saye a Yana da Shira da Zadawa har Katagum, ina sayarwa a Azare. Idan na damƙi gero a tafin hannu zan gaya maka na bana ne ko na bara, an gauraya shi da yashi ko ba a gauraya ba. Sana'ata ce, na iya ta, kuma akwai dalilin da ya sa na fara da faɗin haka.

Shekara uku ke nan, a ƙarshen damina, kogi ya yi ambaliya ya ci ƙauyuka a tsallaken iyaka. Kun san a Azare akwai gidaje da yawa da asalinsu Borno ne ko Yobe, kuma suna da dangi a can. Modu tela, wanda shagonsa ke bayan masallacin unguwarmu, shi ya fara kawo maganar bayan sallar Juma'a. Ya ce ƙanwar mahaifiyarsa tana cikin waɗanda aka tsugunar a sansani, gonaki sun tafi, rumbuna sun tafi. Aka kafa kwamiti, 'yan kasuwa suka yi karo-karo har aka haɗa buhu sittin. Goma daga ciki nawa ne. Ni aka sa in tsaya a kan ɗuri, kuma na tsaya. Leburori suka auna kowane buhu tiya arba'in cif a gabana, aka ɗinke baki. Ku riƙe wannan.

Da aka zo neman waɗanda za su raka kayan su yi rabo, na ba da sunana. Mutane sun ɗauka tausayi ne ya kai ni. Akwai tausayin, amma gaskiyar magana ban yarda gerona ya yi tafiyar kwana biyu ba na kusa ba. Na san halin mutane da kayan sadaka. Na ce a raina, in dai ina wurin, ba wanda zai ci ko tiya ɗaya ta bayin Allah. Gadi na tafi yi.

Mu tara ne a tawagar. Shugabanmu Malam Habu ne, tsohon hedimasta daga Shira, mutum mai haƙuri da son rubuta komai a littafi. Muka bi ta Potiskum zuwa Gaidam, muka tsallaka, muka isa ranar Litinin da la'asar. A hanya na yi aikin gadina yadda ya kamata. Duk inda aka tsaya sai na zaga motar na ƙirga buhuna, kuma da na ga an jingina jarkar fetur kusa da kaya na sa aka sauya mata wuri, don gero yana ɗaukar wari.

Sansanin a kan wani tudu yake, bukkoki ne na zana da leda, an jera su kusa da juna. Shugaban mutanen shi ne Bulama, wato mai unguwarsu tun a ƙauye, dattijo dogo mai magana ƙasa-ƙasa. Shi ya ba mu sunayen gidaje.

Ga yadda muka tsara rabon, saboda waɗanda ba su taɓa yi ba. Kowane gida aka ba shi kati mai lamba da ƙaramin buhu, duka iri ɗaya. Aka yi layi uku, kowane layi gida tamanin da buhu ashirin. A kowane layi akwai mai kiran suna, akwai mai karɓar kati ya sa a dangwala yatsa, sai mai awo. Kwanukan awon uku ne sababbi, a wurin mutum ɗaya muka saye su a Azare, na gwada su da kaina, ba wanda ya fi wani. Aka amince awo mai tozo za a yi, wato a cika kwano har hatsin ya yi tudu a sama, kamar yadda aka auna lokacin ɗuri. Don a yi sauri, maimakon a buɗe buhu ɗaya-ɗaya, sai muka riƙa zazzage biyar-biyar a kan tamfol a yi tsibi ana ɗiba. Wannan shawarata ce. Masu awo mu uku ne: ni a layin tsakiya, Modu a dama, wani malamin firamare daga Yana a hagu.

Ranar Talata da hantsi aka fara. Ku da kuka san awo kun san yadda yake idan hannu ya kama. Kwano ya shiga, ya fito, ya juye, baki na ƙirga, ido na kan mai zuwa. Modu kuwa kamar mai ɗinkin aljihu yake yi. Zai cika, ya tsaya ya duba, ya ƙara, sannan ya ɗauka da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Ina gida na hamsin yana na ashirin.

"Modu, in ka gama kafin azumi ka aiko mini," na ce masa.

"Alhaji, kowa da kekensa," ya ce. "Ka zo shago in ba ka wuyan riga, mu ga naka saurin."

Akwai wani abu da na yi wanda ba ya cikin tsari. Duk wadda na auna wa goma, sai in ƙara damƙa ɗaya in watsa a buhunta in ce, "Ga gyara." Haka muke yi a kasuwa, hannu ya saba. Matan suka ji daɗin wannan ƙwarai. Na sha addu'a a ranar da Hausa da Barbarci da Fillanci, har wasu na layin Modu suna leƙowa suna cewa da ma a layin mai gyara aka sa su.

Kafin azahar na sallami gida na tamanin, sai ga tsibi ya ragu a kan tamfol. Aka kwashe, ya cika buhu biyu. Sauran layukan sai bayan la'asar suka gama. Modu sai da ya share tamfol kafin ya cika tiyar ƙarshe, malamin Yana kuma abin da ya rage masa bai kai rabin kwano ba.

Malam Habu ya duba littafinsa. Kati tamanin, yatsa tamanin, ba wanda aka tsallake. Ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, wannan albarka ce. Ga shi har gyara ka yi ta bayarwa, kuma kaya suka ƙaru." Maganar ta zaga sansani. Aka yanke cewa ranar Alhamis za a raba rarar ga wasu gidaje takwas da suka iso daga baya, waɗanda ba sa cikin sunayen Bulama, aka kuma aika aka gaya musu.

Zan faɗi gaskiya, na ji daɗi. Wani ɓangare na zuciyata ya tuna mini cewa ni na tsaya a kan ɗuri, kuma arba'in ne cif. Na ba shi amsa cewa wataƙila leburori sun cika hannu a wasu buhunan, kuma su ne suka faɗo layina. Irinmu ba ma rasa amsa.

Washegari Laraba mun gama karin kumallo muna zaune a inuwar mota, sai ga wata tsohuwa gajeruwa da wata mata a bayanta, kowacce da ƙaramin buhu a ka. Suka sauke a gabanmu. Modu ya raɗa mini cewa tsohuwar Ya Falmata ce, kowa ya san ta a sansanin. Hausarta ta fi ta Modu fita.

"Ina mai layin tsakiya, mai gyara?" ta ce.

"Ga ni, Iya. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Allah ya saka da alheri, kun taho daga nesa. Zo ka taya ni duba wani abu, idona ya tsufa."

Ta jera buhunan biyu kusa da juna.

"Wannan na maƙwabciyata ne, daga layin telan can mai sanyin jiki. Wannan nawa ne, daga hannunka, har da gyara. Ba wanda aka taɓa a cikinsu, jiya na wata maƙwabciyarmu muka daka muka ci mu uku. Me ya sa nawa ya fi gajarta?"

Na duba. Nata ya gaza da kamar faɗin tafin hannu. Nan take bakin kasuwa ya buɗe. Na ce buhu ba ya zama daidai, wani yana buɗe ciki, wani an girgiza shi ya kwanta. Na ɗaga nata na dire, na ɗaga ɗayan na dire. Tazarar tana nan.

"Ba rigima na kawo ba," ta ce. "Ɗauko kwanonka ka auna mini goma daga albarkar nan taku, a kan tabarma, in gani."

Na ɗauko ba tare da fargaba ba, don a sanina ban cuci kowa ba. Na fara, ɗaya, biyu, a hankali. Sai ta zauna a gefe ta fara jana da hira. Nawa ake sayar da gero a Azare bana? Wake fa, ya yi? Da gaske ne riɗi ya fi gyaɗa daraja yanzu a wajenmu? Wanda ya san ni ya san ba a yi mini irin wannan tambaya in yi shiru. Na shiga bayani, hannu yana aiki, har na ce goma.

Ta karɓi kwanon, ta durƙusa ta sake auna abin da na auna, tana tallafe kwanon daga ƙasa, kowanne da tozonsa. Mata sun fara taruwa. Modu ne ke ƙirgawa a fili. Ya tsaya a tara. Abin da ya ragu a tabarma bai kai rubu'in kwano ba.

"Biyun farko ka cika su," ta ce, "lokacin kana kallon hannunka. Miƙo shi nan."

Ta kama hannuna na dama ta sa na riƙe kwanon yadda na saba. Babban yatsana yana ciki har gindinsa. Ta ce in ɗiba in ɗaga. Ina ɗagawa sai ta riƙe tsintsiyar hannuna daidai lokacin da take karkata wajen ƙirjina, tozon yana zamewa yana komawa tsibi. Karkatar ba ta kai a gan ta ba sai ga wanda ya san ta. Ni kaina rabona da in lura da ita na manta.

"Shekara talatin ina sayar da hatsi a kasuwar garinmu kafin ruwa ya cinye ta," ta ce. "Tun jiya da na ga motsin kafaɗarka na san ɗan gida ne. Ni ma na iya, har na fi ka, ni ba a ganin yatsana."

Matan da ke wurin suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Kai dai sadaka ka zo yi, Alhaji, na yarda. Amma ba ka gaya wa hannunka ba. Shi yana can kasuwa."

A nan sai na yi bayani ga wanda ba ɗan sana'a ba. Ina da shekara goma sha bakwai uban gidana na farko, Allah ya jiƙansa, ya koya mini awo iri biyu. In kana saye daga manomi, ka girgiza kwano hatsi ya zauna, ka tare tozo da hannu har ya shiga buhu. In kana sayarwa, yatsa a ciki, ka ɗan karkata. Yakan buge mini hannu da kwano in na manta. Ba mu taɓa kiran wannan sata ba, iya awo muke ce masa. Masu tauye mudu a wurinmu su ne masu buga gindin kwano da guduma ya shige ciki, ko masu ɗiga kyandir a ƙasansa. Ni ban taɓa yin ko ɗaya ba, har faɗa nake wa masu yi. Duk azumi ina zama a tafsiri malam yana jan kunne a kan awo, ni kuma ina gyaɗa kai ina tuna sunayen wasu. Da shekaru suka yi nisa na daina sanin ina yi. Hannun ne ya riƙe karatun.

Malam Habu ya sallami mutane da kyakkyawar magana, ya ja ni da Modu bayan mota.

"Alhaji, abin da ya faru ya faru, kuma kowa ya ga ba da niyya ba ne," ya ce. "Geron yana nan, za a mayar. Abin da nake so mu tsare shi ne sunanka da na tawaga. Mu ce kwanon layin tsakiya ya lotsa a mota. Ba wanda zai bincika."

"Ko a ce ni na zauna a kansa," in ji Modu. "Kowa ya san nauyina."

Na san don ƙauna suka faɗa. Kuma hanyar a buɗe take, har na hango wasu hanyoyin biyu da su ba su gani ba. Na tsaya na duba ta yadda nake duba kowace harka. Kwanon lafiyarsa ƙalau, Ya Falmata ta riƙe shi, mata sun ga ta cika shi. In na ce ya lotsa, na tashi daga wanda hannunsa ya cuce su bai sani ba, na koma wanda bakinsa ya yi musu ƙarya yana sane. Na farkon ina da abin da zan roƙi Ubangiji da shi. Na biyun ba ni da shi. Sannan akwai abin da ya fi wannan damuna. In laifin kwano ne, a sansani ya ƙare. In na hannu ne, hannun zai bi ni Azare, kuma daga can ya fito.

"Malam, kwanon ba shi da laifi," na ce. "Mu je wurin Bulama."

Bulama ya saurare ni har na gama yana jan carbi. Ya tambaya gida nawa ne, na ce tamanin, kowane gida tiya ɗaya. Ya ce zai sa a yi shela su dawo layi. Na roƙe shi kada a sake tsayar da su a rana saboda abin da na yi, ni zan bi su gida-gida. Sai ya ce, "To. Amma Falmata ce za ta auna."

Haka muka yi yinin Laraba. Malam Habu da littafi yana kiran lamba, Ya Falmata da kwano, ni da rabin buhu a ka. Na daɗe rabona da dako, kuma wuyana ya tuna mini haka kafin gida na goma. A kowace ƙofa magana ɗaya nake yi: jiya na tauye muku tiya ɗaya, ga ta, ku yafe mini. Na ɗauka faɗarta za ta yi sauƙi in an maimaita. Ba ta yi ba.

Mutane iri-iri ne. Wasu suka ce ba komai tun kafin in rufe baki. Wani magidanci ya karɓa ya shige bukka bai ce uffan ba, kuma da gaskiyarsa, 'ya'ya bakwai gare shi, tiya ɗaya tuwon yini guda ne a gidansa. Wata ta ce, "Ashe gyaran ma daga namu ne." Wata kuma mai goyo ta tsaya tana kallona.

"Alhaji, addu'ar da na yi maka jiya, in janye ko in bar maka?" ta ce.

"Bar mini ita, 'yar'uwa. Yau na fi jiya buƙatarta."

"To na bari. Amma ta gyaran na janye."

A nan ne Ya Falmata ta yi dariya a karon farko, har sai da ta ajiye kwano.

Gida saba'in da huɗu muka samu. Shida sun riga sun bi wata mota tun da safe zuwa wurin dangi a garuruwa daban-daban. Bulama ya karɓi tiya shidan ya ce zai bi sawu. Saura gidaje takwas da aka yi wa alkawarin rara, wadda yanzu babu ita, kuma ba na jin akwai wanda zai iya zuwa ya ce wa mai yunwa an fasa. Ranar Alhamis na hau mashin zuwa kasuwar da ta fi kusa na sayi buhu biyu daga aljihuna, a farashin da ban taɓa sayen gero ba. Ina tsaye mai awon yana yi, sai na ga babban yatsansa ya nutse. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ɗan'uwa, fitar da shi ya sha iska, ni ma ɗan gida ne." Ya dube ni, ya yi murmushi, ya sake daga farko.

Rabon gidaje takwas ɗin Modu na bar wa. Ya ɗauki lokacinsa, ban ce masa komai ba.

Ranar Juma'a da za mu taho na je yi wa Ya Falmata sallama. Na tambaye ta ita yaya ta yi ta daina.

"Wa ya ce maka na daina?" ta ce. "Ruwa ne ya raba ni da kasuwa. Sai da na tsaya a layi da buhu a hannu ina kallon kwanon wani, sannan na san nauyin abin da ke zamewa. Kai an nuna maka kana da sauran rumfa. Ni an nuna mini bayan waɗanda zan mayar wa sun watse. Je ka, ka gaida mutanen Azare."

Da muka dawo, kafin in buɗe rumfa na je wurin limamin unguwarmu na gaya masa komai. Ya ce in daina, wanda na sani in mayar masa ko in nemi yafiyarsa, wanda ban sani ba in fitar a madadinsa in ba mabuƙata. Na ce, "Malam, shekara ashirin da bakwai fa, ta ina zan san adadi?" Ya ce, "Kai da kake gane geron bara a tafin hannu? Ka kintata. Amma wannan karon ka cika tozo."

Na bi masu fura da masu abinci da suka daɗe suna saye a wurina, na bi manoman da nake saye a hannunsu a Yana da Zadawa. Wani dattijo a Yana ya ce tun zamanin babansa sun san ana yi, shi ya sa su ma ba sa bushe gero sosai kafin su kawo. Muka yafi juna.

A rumfa na kafa doka: saye ko sayarwa, da hannu biyu ake tallafe kwano daga ƙasa, kuma mai saye in yana so ya auna da kansa. Ƙanena Sani, wanda muke harka tare, bai so ba.

"Yaya, buhun da muke fitar da arba'in da huɗu yanzu arba'in zai ba mu," ya ce. "Huɗun nan su ne man mota da leburori."

"To a sa man mota da leburori a farashi, kowa ya gani."

Muka ɗaga farashi kaɗan. 'Yan layi suka samu abin zolaya, wai Bala ya je Nijar kwana biyar ya dawo waliyyi. Ba zan yi muku ƙaryar cewa ciniki ya ninka ba. Wasu sun koma rumfar gaba inda tiya ta fi araha a baki. Wasu kuma, masu sake awo in sun je gida, sun dawo sun kawo 'yan'uwansu. In aka haɗa duka, ƙasa na yi. Sito na huɗu da na sa harsashinsa a hanyar Katagum har yau jerin bulo uku ne. Hannun ma bai gama tuba ba. Watannin baya ina waya ina awo, na duba sai na ga yatsa ya koma mazauninsa. Shi ya sa yanzu ba na magana in ina riƙe da kwano, wanda ya gaishe ni ya jira.

Ku da za ku tafi bana, kada ku zazzage buhuna a tsibi yadda na sa aka yi. Buhu ɗaya gida huɗu, in ya ragu a tsaya a nan a duba. Ku zaunar da wata daga cikin masu karɓa kusa da mai awo, don da wuya a rasa irin Ya Falmata a layi, kuma mutanen da kuka je taimako sun san abubuwan da ba ku sani ba, dukiya ce suka rasa kawai. Kayan da aka ƙirga in kuka ga sun yi rara, kafin ku ce albarka ku fara tambaya ko wani ne bai samu nasa ba. Wanda ya fi kowa ƙwarewa a cikinku shi za ku fi sa wa ido, ba don mugu ba ne, sai don sana'a tana bin mutum har inda ya je neman lada. Ni gadin gero na tafi, kuma tun daga Azare har sansanin ba wanda ya taɓa ƙwaya ɗaya sai ni.

Bayan wata biyu da dawowarmu Modu ya zo rumfa da saƙon Bulama. Huɗu daga cikin gidaje shidan an same su, an kai musu nasu. Biyu ba a ji ɗuriyarsu ba, gidan wani Aisami da gidan wata Zara, sai Bulama ya ba da nasu sadaka a madadinsu.

Ga inda lissafin ya tsaya. Tamanin na tauye, saba'in da takwas sun koma hannun masu su. Na rasa tiya huɗu a kowane buhu har ƙarshen sana'ata, na rasa sito ɗaya. Abin da na samu shi ne an nuna mini hannuna tun ina da damar gyara shi, kuma a duk cinikin da na taɓa yi ban ga mai arahar wannan ba. Saura tiya biyu. Ba zan iya tuna fuskar Aisami ba, ba zan iya tuna ta Zara ba, don ranar idona yana kan mai zuwa. Amma na san akwai ranar da su za su gane tawa, kuma ita nake yi wa awo yanzu.